Kaboyin da Suke Jin Hausa

Jikata Husna ce ta shigo da labarin, tana gatsar tuffa, kamar mai cewa an ɗauke ruwa. Wai an sake sayar da kamfanin fim ɗin nan na Amurka da take rubutu a kan tarihinsa a jami'a. Ta juyo mini da wayarta don in gani, sai wayar ta yi wannan busa da ke buɗe kowane fim nasu. Ina zaune a falon 'yata a garin Silver Spring na Amurka, ƙafafuna cikin safa bibbiyu, amma sai da na ji ta dama tana laluben fedar keke. Na ce, “Amarya, ai wannan Mai Kakaki ne. Wa ya saye shi? Har da iyalinsa?” Ta yi dariya, ta amsa da Turanci, don ita Hausa a kunne take ajiye ta, ba ta cika sauko da ita baki ba. Ta ce kamfani ne, Kaka, ba mutum ba ne. Na ce ta dai bi a hankali, da tsohon ma'aikacinsa take magana.

Hajiya, matata, tana kujerarta ta bakin taga a lokacin, tana ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke. Ba ta juyo ba. Ciwon mantuwa ne ya kawo mu ƙasar nan. 'Yarmu likita ce, ta ce ba za ta iya duba uwarta ta waya ba, ta kwaso mu duka biyu kamar kayan ɗaki. Da farko sunayen abubuwa ne suka fara zube wa Hajiya, ludayi, mabuɗi, ranar Juma'a. Daga baya aka shiga mutane. In ba ta haƙƙinta, ni ne na ƙarshe da ta saki, ta riƙe ni da kyau. Amma yanzu in na shiga ɗaki sai ta jawo mayafi ta rufe kai, ta gaishe ni da ladabi, “Sannu, Malam, an zo lafiya?” Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana gaya mini ƙafata na wari. Ba na roƙon a mayar mata da komai da komai, na san iyakar abin da ake roƙo a shekarunmu. Sau ɗaya nake so ta dube ni ta san ko wane ne, ko da zagi za ta biyo da shi.

To, batun aikina da Mai Kakaki, ban yi ƙarya ba, su ne dai ba su san da ni ba. A Zariya ta zamaninmu akwai silima a Sabon Gari, akwai wata a Tudun Wada, kuma fim ɗaya ake kawo musu su raba. Fim kuwa a lokacin abu ne mai nauyi, a naɗe yake zuwa cikin faya-fayai, kowanne a gwangwaninsa mai faɗin tire. Ta Sabon Gari takan riga farawa. Da faifan farko ya ƙare sai afareta mai kunna injin ya miƙo mini shi da ɗuminsa, in ɗaure a bayan keke da tsohon tiyub, in taka in haye gada zuwa Tudun Wada, in juyo in ɗauki na gaba. Haka har fim ya ƙare a gari biyu. Na bar makaranta a tsakiyar firamare, malamina ya ce kaina ba ya riƙe abu, sai ga shi an ba ni amanar kaboyi da dawakinsu da jiragen ƙasansu ina yawo da su a kan titi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da sana'ar ba. In an tambaye shi aikin da nake yi yakan ce, “Jaki ne, inuwa yake dako.” Yakan kuma ce duk wanda ya bar gidansa ya je ya zauna yana kallon bango, to a duba shi da kyau kafin a ba shi aure. Ni dai an ba ni, ban san wanda ya yi sakacin binciken ba.

Har yanzu in na rufe ido sautin nake fara ji kafin hoton. Ƙarar injin nan mai kama da keken ɗinki da aka hana hutawa. Tsotson rake a benci na gaba, da masu gyaɗa suna ratsa layi. Silimar ba rufi, allon farin bango ne, ƙwari suna iyo a cikin hasken da ke fitowa daga tagar afareta. Ba mai jin abin da Turawan ke faɗi, kuma ba wanda ya damu, don kowa ya san mugu da ganin gashin bakinsa. Mu muke raɗa wa 'yan wasan suna, akwai Ɗan Dogo, akwai Mai Tabo, akwai wani da ake kashewa a kowane fim har muka sa masa Marigayi. In jarumi bai ga wanda ya laɓe masa ba, duk silima za ta tashi tana gaya masa, in bai ji ba a zagi iyayensa. In kuwa jirgin kaya ya sa an rufe mini hanya a mararrabar dogo, tun daga nesa nake jiyo fito da ihu, ina isa ɓawon rake ne zai fara yi mini maraba. Yanzu Husna takan kalli fim ita kaɗai a gado, da abu a kunne, fuskarta ba ta motsi. Na taɓa tambayarta ko jarumin nata ya san tana wurin. Ta ce in daina.

Abin da ban gaya wa kowa ba a majalisa, don kada darajata ta faɗi, shi ne ni da nake dakon fim ban taɓa ganin ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. In ga an fara faɗa a Sabon Gari, in iso Tudun Wada in tarar ba a ma haifi dalilin faɗan ba. In bar mutum da rai a nan, in dawo in tarar ana binne shi. Ƙarshen fim kuwa kullum a kan hanya yake samuna, ko ina mayar da gwangwanaye. Amma ina da mai jira a gida. A zamanin matar aure ba ta zuwa silima, ko sunan wurin ba a so a ji a bakinta, saboda haka Hajiya ba ta taɓa ganin allon ba. Da safe ne nata fim ɗin. Tana tsakar gida tana tankaɗe ko tsince shinkafa, ni ina zaune a ƙasa na ba ta rabin baya ina shafa wa sarƙar keke mai, sai in yi busar Mai Kakaki da baki in fara. Inda na gani in faɗa, inda ban gani ba in cike. Turancin da ban ji ba kuwa ni nake sa musu magana, kaboyi ya yi sallama a ƙofar gida, ya tambayi lafiyar iyali, mugu ya rantse da kabarin kakarsa. Matan maƙwabta sukan matso jikin katanga, sai ka ji daka ya tsaya a gida uku. Ita kuma ba a yi mata wayo. In na zo wurin da na cike sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Nan wajen kana kan gada, ko?” In ce wallahi da idona na gani. Ta ce, “To ci gaba, naka ya fi daɗi.”

Ɗanmu na fari bai yi kwana da yawa a duniya ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, aka kai shi da safe a cikin tabarma ƙarama. Bayan an watse daga zaman makoki Hajiya ta daina magana. Tana girki, tana shara, tana salla, amma ko “sannu” ba ta cewa. Tsofaffi suka ce a bar ta, wasu suka kawo rubutu, gwaggona ta ce a mayar da ita gidansu ta huta. Ni ban san abin da ake gaya wa mace a irin wannan hali ba, ba a koya mana ba, maza a lokacin haƙuri kawai suke cewa su fita. Abin da na iya shi na yi. A makon ana nuna wani fim da muka sa wa suna Matar Ɗan Dogo, labarin mutumin da ya tafi kai shanu wata kasuwa mai nisa, matarsa kullum da yamma tana cika wa dokinsa komin ruwa ko da zai dawo. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta da kekena ina ba bango labari. Ran farko shiru. Washegari shiru. Na riƙa ja da labarin ina ƙara masa duwatsu da koguna don kada ya ƙare. Wata safiya na kai inda 'yan fashi suka tare Ɗan Dogo a mashigi, sai na yi shiru da gangan, na ci gaba da goge sarƙa. Can daga cikin ɗaki na ji murya a dushe, “Sai aka yi yaya?” Ban juya ba, don kada ta ga fuskata. Ƙarshen fim ɗin ban gan shi ba, ina kan gada. Na dawo mata da Ɗan Dogo gida lafiya, da gishiri da turmin atamfa, matarsa ta hana shi shiga ɗaki sai ya wanke ƙafa. Tun daga ranar, duk lokacin da duniya ta yi mana zafi, wannan labarin take cewa in ba ta.

Husna ta karanta mini abin da ta rubuta, tana fassarawa da taimakon uwarta. Ashe waɗanda suka kafa irin waɗannan kamfanoni baƙi ne su ma, sun ƙetaro teku ba su da komai, wasu tufafi suke sayarwa kafin su gano mutane za su yi layi don kallon bango. Ashe garuruwan da muke gani fuska ce kawai ta katako, in ka zagaya baya ba ɗaki ba tukunya. Ni da na ɗauka Mai Kakaki wani attajiri ne mai garuruwa da dawaki, har ina tunanin yawan dawar da yake saya. Ta ce da talabijin ta shigo gidaje sai kasuwa ta fara ja baya, aka yanka filayen aka sayar, aka yi gwanjon riguna da huluna, kamfani ya riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu har sunan kawai ya rage da busar. Tsofaffin finafinai da yawa kuma sun ruɓe a ɗakin ajiya ko sun ƙone. Wannan ban yi mamaki ba, afaretanmu da bokitin yashi yake kwana a gefensa. Na ce, “Amarya, tarihin nan naki da giɓi. Ki ƙara cewa suna da reshe a Tudun Wada, ma'aikaci ɗaya, ba albashi daga hedikwata, kuma shi ya gyara musu rabin finafinansu.” Ta ce malaminta zai nemi hujja. Na nuna mata kujerar bakin taga na ce ga hujjata can, sai dai ita ma an yi gwanjon kayan cikinta. Na faɗe shi da wasa, amma ba wanda ya yi dariya, har ni.

Husna ce ta kawo shawarar a nemo fim ɗin Ɗan Dogo. Ta ce yanzu waɗanda suka tsira duk suna cikin talabijin, in Hajiya ta gan shi da idonta ƙila wani abu ya motsa. Uwarta likita ta ce kada in sa rai da yawa. Na ce ai ni ban san ana auna shi ba. Husna ta tambaye ni sunan fim, na ce Matar Ɗan Dogo. Ta ce sunansa na gaskiya. Na ce shi ne na gaskiya, duk Zariya ta shaida. Ta ce to in kwatanta. Na ce dogon mutum, da hula mai faɗi, da doki. Ta dafe kai ta ce, “Kaka, duk haka suke.” Muka shafe Asabar da yawa tana tura finafinai da gudu ina leƙe kamar mai neman ɓatacciyar akuya a kasuwa. A ƙarshe ba shi na gane ba, matar na gane, yadda take goge hannu a gaban riga bayan ta ajiye bokiti. Na ce tsaya nan.

Na zauna na kalle shi tun daga busa har rubutun ƙarshe, karo na farko a rayuwata da na ga fim a jere kamar mutum mai mutunci. Ɗan Dogo bai dawo ba. A mashigin nan aka kashe shi, abokin tafiyarsa ne ya zo ya gaya wa matar a tsaye, ko zama bai yi ba. Na ce wa Husna sun yi kuskure. Ta ce wannan shi ne na asali. Na ce asali a wurin wa? Na gargaɗe ta, in mun nuna wa kakarta, da na ɗaga hannu ta tsayar da shi.

Ranar Lahadi bayan azahar muka juyo da kujerar Hajiya ta fuskanci talabijin. Likita ta zauna a hannun kujerar. Aka fara. Hajiya ta kalli allon da ladabi, yadda take kallon kowa yanzu, hannunta na kan tawul.

“Su wane ne waɗannan?” ta tambayi 'yarta.

“Mama, Ɗan Dogo ne. Ga matarsa can da bokiti.”

“A'a,” in ji ta. “Ɗan Dogo Bahaushe ne. Wannan ko sallama bai yi ba, ya faɗo wa mutane gida. Me yake cewa ma?”

“Turanci yake yi, Mama.”

“To ba shi ba ne.” Ta koma kan tawul ɗinta.

Na ce wa Husna ta kashe musu murya ta bar hoton. Na sauka kan kafet, gwiwata tana rantsuwa ba za ta sake tashi ba, na ba Hajiya rabin baya. Ba keke, sai na jawo takalmina ina gogewa da hannun riga. Na yi busar da baki, haƙoran da suka rage ba su taimaka ba, Husna ta toshe dariya. Na ce da muryar Ɗan Dogo, “Salamu alaikum, masu gida. A ba dokina ruwa, ni na sha a hanya.”

Sai daga bayana aka ce, “Dokin ya fi ka hankali, shi ya san hanyar gida.”

Maganar matar ce, yadda na sa mata ita tun muna yara. Ban juya ba. Na ci gaba, na kora shanu, na haye koguna, na sa mugu ya rantse da kabarin kakarsa. Tana biye da ni, in na tsallake wuri ta mayar da ni. Da na ƙara wani dutse da babu shi a hoton sai na ji ta taɓa 'yarta tana cewa ƙasa-ƙasa, “Nan wajen yana kan gada.” Likita ta ce, “Haka ne, Mama.” Da aka doshi mashigi na ɗaga hannu, Husna ta tsayar da hoton, Ɗan Dogo ya daskare a kan doki da ransa. Na ƙarasa da baki. Na kawo shi ƙofar gida da gishiri da atamfa, matar ta tare ƙofa ta ce ba inda za shi da wannan ƙafa. Hajiya ta yi dariya, dariyarta ta da, mai ƙarewa da tari. Mayafin ya zame ya sauka kafaɗa, ba ta mayar ba.

Sai na juyo na dube ta. Ta daɗe tana kallona, ba kallon ladabi ba, kallon mai lalube.

“Malam,” in ji ta, “a ina ka ji wannan labari?”

Na ce, “A wurin wani mai keke.”

“Ashe ka san shi.” Fuskarta ta washe. Ta sunkuyo, ta rage murya, ta tambaye ni ko shi nake nufi, sai ta faɗi sunana. Sunana na yanka, wanda aka raɗa mini ranar suna.

Matan zamaninmu ba sa faɗin sunan miji. Tun ranar da aka kawo ta gidana ban taɓa jin sa a bakinta ba. “Shi” ne, ko “mai gidan”, in ta ji tsokana “mai keke”. Ko yaron maƙwabta mai irin sunan sai ta sake masa wani. Na sha yi mata tayin atamfa in ta faɗa sau ɗaya, ta ce in riƙe atamfata. Ashe haka yake fita a bakinta, a hankali, tana ɗan jan ƙarshensa. Likita ta tashi ta shige kicin, na ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Na ce, “Shi ne, Hajiya. Na san shi.”

“Kana ganinsa?”

“Kullum.”

“To don Allah ka gaya masa ya zo ya ɗauke ni. Mutanen gidan nan suna da kirki, ba abin da suka rage ni da shi, amma na gaji da zama da baƙi. Ka ce in ya kai faifan ƙarshe kada ya tsaya surutu a hanya, ka san halinsa.”

“Na san halinsa.”

“Za ka gaya masa yau?”

“Yau ɗin nan, in Allah ya yarda.”

Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka ni da iyalina. Sannan ta jawo mayafin ta rufe kai, ta dubi Husna ta ce, “Ke yarinya, ba a ba baƙo ruwa a gidan nan? Tun ɗazu yake magana.”

Husna ta kawo a kofi. Na karɓa da hannu biyu na ce na gode, na shanye.